Lamba Ɗari Huɗu da Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba a Duluth
ina zagaya jirgi da tocila,
ina duba taya, ina shafa fiffike
ko ƙanƙara ta kwana a kansa.
Wannan zagayen kyauta nake yin sa.
Agogon albashi ba ya motsi
sai an rufe ƙofa, an saki birki.
Kafin nan, ni wani ne kawai mai hula
da igiya uku a kafaɗa.

Lambata ɗari huɗu da goma sha ɗaya.
Ita ce sunana na yanka a nan.
Ita ke yanke wa zai yi Kirsimeti a gida,
wa zai yi shi a otal a Minot
da burodi da man gyaɗa bisa gwiwa.

Bara aka haɗe kamfaninmu da na su Wendell Szymanski,
aka zuba jeri biyu a turmi ɗaya aka kirɓa.
Ya fito sama da ni da mutum tara.
Tara! Alhali na riga shi hawa kujerar dama
da wata goma sha huɗu.
Tun ranar, da hanci nake amsa gaisuwarsa.
Mu muna ce musu 'yan karya farashi,
su suna ce mana 'yan gata.
Kuma gidan haya ɗaya muke kwana a Minneapolis,
gado takwas, banɗaki ɗaya.
Ya rubuta sunansa a kwalin madararsa a firji,
ni ma na rubuta nawa, da manyan baƙaƙe.

Wata ashirin da biyu ana ja-in-ja a teburi.
Lorna Teigen, wakiliyarmu, a gaban idonmu ta yi furfura.
Ta ce bangonmu ya tsage,
ƙadangarun ofis na shiga suna fita.
Daga ƙarshe ta dawo da takarda mai shafi ɗari uku:
ƙarin dala shida a awa,
ƙarin kwana ɗaya na hutu,
da wani siririn layi a shafi na ɗari biyu da bakwai
cewa duk wanda aka ɗauka bayan bana
ƙasa da inda muka fara zai fara.

Kamfani ya ce in mun ƙi,
akwai wasu a Ohio da za su tuƙa hanyar nan da rahusa.
Kullum akwai wasu a Ohio.
Su ma an gaya musu akwai wasu a Duluth.

Na zauna na yi lissafi.
Bashin makarantar tuƙi, dala dubu tamanin da bakwai.
Haƙoran Solveig, 'yata, suna neman ƙarfe.
Motata tana tari da safe.
Dala shida ba ta yi mini kama da cin amana ba,
kama ta yi mini da sabuwar taya.

Daren jajibirin ƙuri'a muna saukowa Bismarck cikin gajimare,
mutum arba'in da uku na gyangyaɗi a bayana,
sai ga murya a rediyo.
Na gane ta tun bai gama faɗin lambar jirginsa ba.
"Ku gaya wa na bayana, ƙanƙara na kamawa
daga ƙafa dubu tara zuwa shida. Kada ya daɗe a ciki."
Bai san ni ba ne.
Ko ya sani. Ban tambaya ba.
Kyaftin ya sunkuyar da hanci, muka ratsa,
gilashi ya yi fari, ya sake washewa.

A ɗakin ma'aikata na same shi
yana shan miyar gwangwani da sanyinta.
"Me za ka zaɓa gobe?"
"A'a," ya ce. "Ƙanena na makarantar tuƙi.
Shafi na ɗari biyu da bakwai, shi ne."
Na ce ni ba ni da ƙane.
Ya ce ya sani.
Ya miƙo mini ɗaya cokalin.

Yau ƙarfe sha biyu za a rufe.
Waya a hannuna, akwati biyu, babban yatsana a tsakani
ya sandare, kuma ba don sanyi ba.
Na mayar da ita aljihu, na kunna tocila.
Fiffiken hagu ya kwana da ƙanƙara.

Har yanzu yana sama da ni da mutum tara.