Daren Asabar a Babbar Ruga

Daren Asabar, an ɗauke wuta,
fitilar caji tana lumshe ido,
takarda fara fat a gabana,
biro a baki ina taunawa.
Gobe mutum sittin da 'yan kai
za su jeru bisa benci su zuba mini ido,
ni kuwa ko layi ɗaya ban kai ga rubutawa.

Ba lalaci ba ne, Ubangiji, kai ma ka gani.
Litinin babur ya yi faci a hanyar Batsari,
na tura shi har rana ta take tsaka,
wa'azin da na ƙulla a kai tun asuba
ya bi gumi yana zubewa.

Talata ni da Dattijo Habila
muka zazzage kwanon baiko:
hamsin mai liƙin salatif,
ɗari biyun da ɓera ya ɗanɗana,
tiyar gero daga hannun Tabita,
ƙwan zabi uku a ƙullin tsumma.
Habila ya ɗaga kai ya dubi rufi,
daidai inda yake yoyo kan bagadi,
ya ce, "Fasto, bana ma roba za mu yi ta tarawa."
Mu muka roƙi ruwa da kuka a watan jiya,
an ba mu har kan littafina,
da wane baki zan yi kokawa?

Laraba muka binne Irmiya,
ɗan Damaris, shekara tara,
zazzaɓin kwana uku.
Shi ne mai faɗa da sa'o'insa
kan wanda zai bugi tsohon wilin tirela
da muka rataye a reshen bedi
muke kiran sa ƙararrawa.
Shekara ashirin da biyu ina magana gaban jama'a,
a bakin ramin nan harshe ya ƙi.
Malam Sa'idu tela, maƙwabcinmu,
wanda ya zo da digarsa tun kafin a kira,
ya dafa mini kafaɗa da hannu duk ƙasa,
muka tsaya ana rufewa.

Alhamis na leƙa Baba Nomau.
Tsohuwar cuta ta tafi da yatsunsa tun ban zo duniya ba,
da dungu biyu yake tallafe kofin kunu.
Ya kira ni da sunan faston da ya rasu,
na amsa, mene ne a ciki.
Sai da na miƙe ya ce, "Jiya ban ji ƙarfe ba.
Wa ya hana yaron nan bugawa?"

Juma'a, zumuntar mata da rigimar anko,
shuɗi ko ruwan goro.
Awa biyu ina rabon faɗa,
aka tashi ba a gama zaɓa ba.

Yau da hantsi na ji ƙarar tsintsiya.
Damaris ce, ɗankwali ɗaure a ƙugu.
Na ce ta koma gida ta huta.
Ta ce, "Layina ne, Fasto.
In na zauna ɗakin nan cinye ni yake."
Ta share ciki, ta share waje,
ta kai gindin bedi ta durƙusa,
ta zura hannu a kogon saiwa
ta zaro guntun rodi mai tsatsa.
"Nan yake ɓoye shi don kada a riga shi.
Gobe a ba wani yaron, kada a makara."
Ta miƙo mini, ta ci gaba da sharewa.

Keziya ta leƙo sau biyu, ta ce dare ya yi.
Rodin na nan kan tebur, ya danne farar takarda,
tsatsarsa ta bar zane guda a tsakiya.
Abin da zan faɗa gobe, ban sani ba.
Amma Filibus ɗan Tabita ya kai tsawon reshen,
zan tashe shi da wuri
in koya masa riƙewa.