Dutsen Niƙan Tabawa

Daga tashar Kawo muka tashi da asussuba,
mota ta sauke ni a Kauru, babur ya karɓa,
babur ya gaji, ya miƙa ni ga ƙafa.
Cindo ne a gaba, da gora da takalmin taya,
ni a baya, da hakin ɗan birni.

Kwarin ya ratsa tsakanin duwatsu biyu
kamar zare a kafar allura.
Rafi na bin mu ta hagu yana ta surutu,
sau biyar muka ƙetare shi, wando a naɗe,
a na shida na daina cire takalmi.
Gonakin citta suka ƙare, sai na acca,
acca ta ƙare, sai gamba da ta shanye tsawona,
sai birai a kan fā suna ƙirga mu
kamar masu karɓar kuɗin shiga.

"Saura ƙiris," in ji Cindo.
Tun hantsi yake faɗin haka.

Da azahar kunnena ya toshe,
shaho ya gifta ta ƙasanmu, na ga bayansa.
Sai ga katanga.
Ba laka, ba siminti,
dutse ne kawai ya riƙe amanar dutse.
Tun kafin kakan kakata a san da shi
wani ya tsaya nan yana juya ƙaton nan
har ya samo gefen da zai zauna.
Ga matakalar gonaki sun hau gangare bi da bi,
ga kashin maƙera baƙi ƙirin a cikin ciyawa,
ga da'irar ɗakuna, ƙofarsu duka gabas,
ƙadangare ne mai unguwa.

Saƙo ne ya kawo ni.
Tabawa, kakata, tana kwance a Rigasa,
shekara tara gare ta da aka sauko da su,
ta ce in dubo mata dutsen niƙan uwarta.
Na duba: ramukan niƙa sun fi arba'in
a kan fā guda, duk fuskarsu ɗaya.
Na zauna. Ƙafata na rawa, raina ya ɓaci.

Sai wayata ta yi ƙara a aljihu,
wayar da tun safe ta mutu a kwari.
Ashe can ƙoli saƙo na iso wa mutum.
Na kira, aka kara mata a kunne.

"Kukar nan tana nan?"
Na ce rabinta ya faɗi.
"Ba ta baya. Yi taku bakwai.
A'a, kai dogo ne, yi biyar.
Akwai wanda bakinsa ya gutsure ta dama,
ni na gutsure shi, na sha duka."

Yana nan.
Ruwan sama ya cika shi,
talibambam uku suna iyo a ciki.
Na faɗa mata. Shiru ya yi tsawo
har na zaci layin ya yanke,
sai dariya, sai tari, sai dariya:
"To, bar su. Gidan bai mutu ba ke nan."

Na tsinci ɗan dutsen da ake niƙawa da shi,
sumul, daidai tafin hannun mace,
na ce zan taho mata da shi.
"Mayar," ta ce. "Ka taɓa ganin an raba ɗa da uwa
don tsohuwa ta ji daɗi?"

Na mayar.
Cindo ya dubi rana, ya buga gora:
saukowa ta fi hawa cin gwiwa,
ga rafi shida na jiran mu kafin magariba.
Na sauko da ƙaya a wando
da sanyin ruwan nan a yatsuna biyu,
na riƙa dunƙule hannun har Kawo.