Firintar Fusaini

A Adum na sayo kwamfutar, 'yar gwanjo,
harafi biyu sun goge, batirin ba ya kai awa.
Mai shago ya raɗa mini Windos ɗin ciki na sata ne.
Ni kuwa ba na kwana a gidan da ba a ba ni mabuɗi ba.

Daren farko gidan Ubuntu na sauka.
Mai fara'a ne, ya shimfiɗa tabarma kafin in gama sallama,
sai dai kayansa sun yi wa 'yar gwanjo nauyi,
fankarta na huci kamar trotro a hanyar Tafo.
Debiyan dattijo ne, ba ya gaggawa,
kayan aikinsa tsofaffi, amma ba sa karyewa.
Na nemi sabon Faiton, ya ce, "Yarinya, jira."
Fedora kullum da sabon zani;
Talata na sabunta ta, Laraba intanet ya daina gaishe ni.
Arc ya miƙo mini bulo da siminti,
wai in gina ɗakina da kaina.

Na koma wurin dattijo.
A nan na rubuta wa Fusaini manhajar lissafi,
Fusaini mai kayan mota a Suame Magazin.
Wata uku, da ɗaukewar wuta, da koko da ƙosan Aboabo.
A kan cinyata tana gudu kamar ruwa.
A shagonsa firintar rasit ta yi gum,
maƙeranta yare ɗaya suka koya mata.

Na ce, "Wallahi a wurina tana aiki."
Ya yi dariya har ya ajiye sifana.
"Adiza, duk mai kawo mota haka yake faɗa.
Kin ga notin nan? Na Benz ne, motar can Toyota.
Da safe ba su san juna ba."
Ya ɗaga magagari, ya nuna mini haƙoran da ya ci.

Na zauna kan tsohuwar taya,
na buɗe cikin direban da wani ya rubuta
a garin da ban san sunansa ba,
ya tafi ya bar ƙofa a buɗe.
Layi goma sha ɗaya na goga.

Gab da magariba firinta ta yi tari,
ta zaro farin harshe:
birki biyu, sidi ɗari da tamanin.

Fusaini ya yage, ya kai kusa da fitila,
ya ce na manta haraji.