Baƙin Hantsi

Damina uku kabewata tana fure.
Ya buɗe da asuba, rawaya kamar kwaiduwar ƙwai,
kafin azahar ya yanƙwane, ya faɗi,
ko ɗa guda ba ta riƙe ba.
Na zuba taki. Na zargi iri.
Har na fara zargin bakin mutane.

Inna Kuluwa ta zo mana yini daga Kwarbai,
ta ƙwanƙwasa sandarta a simintin tsakar gida,
ƙwas, ƙwas.
Ta ce, "Shekarau, yi shiru ka saurara."
Na saurara:
injin niƙa, babura a titin Tudun Jukun.
"Ka ji wani zuuu?"
Ban ji ba.
"Ka shafe gida tas, ka sallami 'yan aike.
Wa zai kai garin wannan fure gidan wancan?
Kai, da wannan ƙaton yatsan naka?"

Ranar Asabar na ari diga.
Taku bakwai na fasa a gindin katangar gabas,
kuɗin bara suna tashi ɓaraguzai.
Ƙasar da ke ƙasa ja ce,
da warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ni da autana Sallau muka je gindin Kufena.
Ba mu tumɓuke uwa ba,
iri muka tsinta, reshe muka roƙa:
runhu, geza, da yaɗiya mai son hawa.
Shuwaka daga bayan ɗakin Inna ta fito,
ɗoɗɗoya kuwa a gwangwanin tumatir.
Tumfafiya ba wanda ya gayyace ta.
Na ɗaga mata fartanya,
sai na tuna ni ma ba ta gayyace ni ba.

Tanimu maƙwabcina ya leƙo ta katanga.
"Mutane na sayen fulawa a Samaru,
kai ka kwaso daji ka kai ƙofar ɗaki!"

Rani ya zo, famfo ya yi gum.
Abin da ya rage na alwala nake ba su,
sauran in zuba a fasasshen kasko,
da tsakuwa uku, kada mai sha ya nutse.
Geza ta zubar da ganye, na ce ta tafi.
Na karce ɓawonta da farce:
kore shar.
Ashe 'yan gari ne,
sun riga ganuwa sanin Zazzau,
sun san yadda ake jiran ruwa ba a yi kuka ba.

Da sanyin shekara ta biyu,
gonaki duk sun koma karmami,
shuwaka ta yi fari fat da fure.
Mai ɗaci ce ta fara kiran baƙi.
Galla ta riga kowa, ƙanana kamar ƙwayar gero,
sai ƙudan zuma, ƙafafu sun yi nauyi da gari,
sai zanzaro, da ɗamararsa da fushinsa.
Wata tsutsa ta rarake ganyen tumfafiya,
na kawar da kai.
Bayan sati biyu malam-buɗe-littafi
yana shanya fiffike a igiyar wanki.

Ba duka daɗi ba ne.
An harbi Sallau a fatar ido,
uwarsa ba ta yi mini magana ba sai bayan isha.

Bana kabewa ta riƙe shida.
Ta haye katanga,
babbar cikinsu ta rataya ta ɓangaren Tanimu.
Ƙuda bai san iyakar fuloti ba,
yabanya ma haka.
Jiya ya aiko 'yarsa Lantana da rabi a faranti,
wai in da hali, reshen shuwaka biyu.

Inna ba ta ga wannan daminar ba.
Sandarta na kafa a jar ƙasar,
yaɗiya ta nannaɗe ta har wuya.
Da hantsi nakan ja kujera kusa,
in kashe rediyo.