Almakashin Iya Tabawa

Saura kwana tara jarrabawar Ƙudurat.
Ni da ɗan littafi mai bango ruwan goro
a ɗakin sama, unguwar Sabil, Jidda,
iyakwandishan na tari, yana ɗiga cikin bokiti.
Riyal arba'in na ba Ustaz Mu'utasim,
ya ba ni makullai ɗari da sha biyu.
Ya ce, "Kada ka tambayi ƙofa wa ya sassaƙa ta.
Minti guda gare ka. Buɗe, wuce."

Na haddace su kamar lambobin waya.
Talatin da biyar sau kanta?
Uku sau huɗu, liƙa ashirin da biyar a wutsiya.
Alwatika? Rabin gindi sau tsayi.
Me ya sa rabi? Oho.
Wanda ya shiga motar haya
ina ruwansa da yadda inji ke shan mai?

A ƙasa Iya Tabawa na taka keke,
shekara talatin tana ɗinkin abaya da labule,
ba ta taɓa ɗumama bencin aji ba.
Ta ji ina ta nanatawa har shayina ya huce,
ta ɗaga murya: "Kai, Mujittafa,
gindin wa ake rabawa da tsakar daren nan?"

Na sauko ina ƙunƙuni, na zana mata.
Ba ta ko kalli takardar ba.
Ta jawo ƙyalle mai kusurwa huɗu,
almakashi ya bi shi daga kunne zuwa kunne,
ƙyas, ƙyas, ƙyas.
Ta ɗora wannan kan wancan, suka kwanta daidai.
"Tagwaye ne. Kowa ya ɗauki rabin uwarsu.
Wannan ka biya wa arba'in?"

Na yi shiru.
Makulli na tara ya narke a hannuna
ya bar ni tsaye cikin ɗakin da yake buɗewa.

Ran jarrabawa sanyin zauren ya kama min yatsu.
Ba zan ci amanar Ustaz ba:
tambaya ashirin na tsallake da makullansa
kamar mai tsallaka kwata bayan ruwan sama.
Sai wata ta zo da riga a bai-bai:
an rage wa kaya ashirin cikin ɗari,
an sake ƙara musu ashirin cikin ɗari,
sun koma kuɗinsu na da?
Na laluba aljihun kaina, babu makullinta.
Zufa ta karyo min a cikin sanyi.

Can na ji Iya a kasuwar Bab Sharif
tana yi wa mai yadi tsiya:
"Abin da ka yanke daga babba
ba shi kake jonawa a ƙarami ba."
Ɗari ta zama tamanin.
Rabon tamanin, sha shida ne.
Casa'in da shida.
Riyal huɗu sun faɗa tsakanin ɗinki da ɗinki.

Tunanin ya ci min minti uku.
Lokaci ya cika, na bar tambaya biyu ko duba su ban yi ba.
Har yau ban san wa zan ba laifi ba,
sakamako kuma bai fito ba tukuna.

Daren jiya na ari almakashinta.
Na auna kwali, talatin da biyar ko ta ina,
na yanke biyar daga ƙasa, na kai shi gefe.
Talatin da arba'in suka tsaya kafaɗa da kafaɗa,
sai wani ɗan guntu ya yi saura,
biyar nan, biyar can,
ya faɗo kan tabarma.

Ashe kai ne wutsiyar da nake liƙawa.

Iya ta ce in share mata ɗaki.
Na share.
Guntun yana aljihuna.