Tsamin da Iska ta Kawo

A bayan Gamkale, inda majema ke shanya fatu,
Selestin ya buɗe mini ƙofar langa-langa.
Ganga shida, tiyo, fanka mai tari,
da bangon da ya cika da kwanan wata na alli.

"Giyar nan," in ji shi, "ban sa mata yis na kanti ba.
Na dafa dawa, na tace, na bar tukunya buɗe
dare guda a kan soro, lokacin da gulbi ya cika.
Abin da iska ta ga dama, shi ta zuba.
Wata goma sha huɗu ina jiran amsa."

Ya tsiyaya mini rabin kofi.
Launin ruwan tabki da hantsi,
kumfa kaɗan, mai saurin sallama.
Na kai hanci:
garken awaki bayan yayyafi,
tsohon sirdi, ɓawon lemun tsami,
da wani abu can ƙasa, kamar cikin rumbu.

Na kurɓa.
Bakina ya tsuke kamar jakar da aka ja wa zare,
haƙora suka mutu, ido ɗaya ya rufe da kansa.
Na ce, "Ɗan Dogon Dutsi, kayanka sun lalace,
ka yi asarar dawa, ka yi asarar itace."
Ya goge hannu a wando yana dariya:
"Kurɓin farko na gardama ne. Jira na biyu."

Na biyu ya zo a hankali.
Tsamiya ce ta fara shigowa,
yakuwa na biye, sai ɗanyar magarya
irin wadda muke jifa tun ba ta nuna ba,
sannan ɗaci siriri, na aduwa,
ya zauna a maƙogwaro ya miƙe ƙafa.

A nan harshena ya riga ni tunawa.

Bambai. Ina shekara bakwai.
Kaka Cima da tulunta a bayan danga,
an kifa masa faifai, an ɗora dutse.
"Kunun tsofaffi ne, kada ka taɓa."
Na taɓa. Da yatsa ɗaya,
ranar da ta tafi cin kasuwar Tawa.
Na tofar, na ruga cikin gero.
Da ta rasu aka fasa tulun,
babana ya ce ba a taɓa yin wani tulu ba,
mu kuma muka yarda,
don yarda ta fi sauƙin ɗauka.

Shekara hamsin da ɗaya ke nan.
Na yi aikin gidan waya har na ajiye,
na aurar, na binne, na sa haƙoran roba biyu,
ashe yatsan nan bai bushe ba.

Selestin na ta bayani kan itacen ganga,
kan baƙin da ke sayen kwalba jika biyar,
yana kiran ƙwayoyin iska da sunayen boko
masu tsawo kamar layin banki a ƙarshen wata.
Ni dai ina kallon gindin kofi
inda laka ta kwanta fara-fara.
Cima ba ta san sunansu ba.
Ta san daren da ake barin tulu buɗe,
ta san kuma gaban wanda ake rufe baki.

"Yaya ka ji ta?"
Na ce, "Da tsami."
"Shi ke nan?"
"Ta kakata ta fi."
Ya buɗe baki zai yi tambaya,
na ajiye jika ɗaya bisa ganga, na fita.

Magariba ta sauko kan gada,
jemagu na barin mangwarori ayari-ayari.
Na sayi goron dala ashirin, na tauna har Talaje
don kada mutanen gida su ji.
Goro ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Amma da dare, fitila a kashe,
na shafa dasashi da harshe:
tana nan, tsohuwar,
zaune bayan danga, ba ta ce uffan ba,
tana jira ta ga ko zan sake tofarwa.