Tafinta a Asibitin Madani

Mun baro Mai Wurno kafin kiran assalatu,
Baba Jatau rungume da ambulan ɗin hoto
kamar mai ratsa kasuwa da ƙwaryar ƙwai.
Shekara hamsin yana jefa birgi a Bahar Azrak,
Larabcinsa na gaisuwa ne da cinikin kifi,
shi ya sa aka ce ni ɗan makaranta in bi shi,
in zame masa baki, in zame masa kunne.

Dakta Mahasin ta ɗaga hoton a gaban fitila.
Ta ce waram.
Na ce, Baba, ƙari ne a ƙasan hanji.
Ya ce, kamar gyaɗa ko kamar goriba?
Ban tambaye ta ba. Na ce gyaɗa.

Ta ce sai an ɗebi ayyina.
Na ce za su tsakuri ɗan nama su kai ɗakin awo,
yadda Inna ke ɗanɗana miya kafin ta sauke tukunya.
Kwana goma sha biyu muka yi jira
a shagon Ɗan'asabe mai gasa agashe.
A can na ji ashe ƙari iri biyu ne.
Akwai hamid, mai sunan kawuna Hamidu,
mai zama inda aka ajiye shi, ba ya taɓa kayan kowa.
Akwai kuma ɗayan.
Dare goma sha biyu ina roƙon Allah ya ba mu Hamidu.

Takarda ta fito.
Ta ce khabis. Ta ce saratan, marhala ta uku,
ya leƙa kaluluwa biyu, bai kai hanta ba.
Baba ya dube ni: me ta ce?
Na ce, ta ce akwai magani.
Ba ƙarya na yi ba.
Ƙaya na tsince na miƙa masa tsoka,
yadda yake yi mini da karfasa ina yaro.

Daga nan kalmomi suka yi ta shigowa ba sallama.
Kimawi, ruwan da ke ɗiga ta jijiya, jur'a bayan jur'a,
har ruwan randa ya koma ɗanɗanon ƙarfe,
har yatsunsa suka daina jin zaren birgi.
Isha'a, wutar da ba a ganin harshenta,
aka zana masa tawada a mara, aka ce kada ruwa ya goge.
Masunci guda, an raba shi da ruwa.
Wata rana mana'a ta faɗi, garkuwar jiki ke nan,
aka ce mu koma, jini bai isa ba,
kuɗin mota ya tafi a banza.

A wannan komawar ce, mun kusa Sinnar,
na zaci barci yake, sai ya ce:
Sallau, tun ina yaro ba na shiga bayi
sai na nemi tsari daga khubusi da khaba'is.
Kana zaton ban gane kalmar ba?
Saratan kuwa ai ƙaguwa ce, na sha ɓamɓare ta daga taru,
tafiya a karkace, in ta kama ba saki.
Mu muka ce daji, su suka ce ƙaguwa,
wani faɗi ya gani, wani riƙo.
Ƙyale ka na yi, na ga tsintar ƙayar tana sanyaya maka rai.

Ban ce komai ba har tasha.

Bayan wata biyar ta sake ɗaga hoto a gaban fitila.
Ta daɗe tana kallo.
Ta ce ba warkewa ba ce tukuna, a dawo bayan wata uku,
amma akwai istijaba.
Na buɗe baki in fassara,
Baba ya dafa gwiwata da yatsun nan da ba sa ji.
Ya ce, bari.
Wannan ma na san ta, a ƙarshen addu'a take zama.